Kunnen Ƙarfasa

Talata, 23 ga Satumba, hantsi

Matattun kifi goma sha ɗaya na kwashe yau daga kududdufin ƙungiya. Jiya huɗu ne. Sauran sun taso sama sun yi cirko-cirko, baki a buɗe. Na watsa abinci, ko ɗaya bai juyo ba. Ƙarfasar da makon jiya ko ganye ka jefa mata sai ta yi kokawa a kai.

Na ɗaga kunnen guda uku da farce. Jan naman nan na ciki, wanda suke numfashi da shi, ya daina zama ja. Wani wuri fari fat, wani wuri baƙi-baƙi, wani gefen ya zagwanye ya bar gurbi. Na ƙulle biyu a leda da ƙanƙara, na ba direban da ke lodin Kano ya kai wa Muhsina a Rijiyar Zaki. Ɗalibata ce a Ɗanbatta tun tana aji uku, yanzu kiwon kifi take koyarwa a jami'a.

Mu ashirin da uku ne a ƙungiyar nan, amma in kifi ya mutu ni kaɗai ke da hannun ɗauka. Kulu ta tsaya daga nesa, ta toshe hanci da mayafi tana cewa, "Shugaba, Allah dai ya kyauta." Na ce amin, miƙo min bokiti. Ta ce tana da alwala.

Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa, ban taɓa cin karo da littafin da ya ce bokiti na karya alwala ba.

Talata, bayan la'asar

Ruwan ya yi duhu ta kusurwar gabas, bayan ciyawar. Zafi ne. Duk ƙarshen damina haka ake yi.

Laraba, 24 ga Satumba, azahar

Sha tara.

Muhsina ta kira. Ta ce, "Malama, na duba a na'ura. Fumfuna ce."

Na ce, "Irin ta tuwon da ya kwana uku?"

Ta yi dariya. "'Yar uwarta. Tana shiga jijiyoyin jinin kunnen ta toshe su, naman ya mutu ya ruɓe. Kifin yana cikin ruwa amma shaƙewa yake yi." Ta ce a daina ba su abinci, a kwashe matattun a binne da nisa, a sauya ruwa gwargwadon iko. Duk na rubuta.

Sai ta ce, "Amma Malama, wannan ba ta zuwa haka kawai. Tana son zafi, tana son ruwan da wani abu ke ruɓewa a ciki. Kun zuba kashin kaji?"

Na ce a'a.

"Ƙasari fa? Ko an jiƙa wani abu?"

Na ce mata layin ba ya fita. Da ma a gidan nan layi kan yi haka wani lokaci.

Alhamis, 25 ga Satumba, gab da magariba

Yanzu muka tashi daga taro.

Na yi musu bayani yadda zan yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce cutar ruɓewar kunne ce. Kalma ɗaya kenan da na yi kuskuren faɗa, don a nan wajenmu ba mu da wani sunan da muke kiran wurin da shi. Ban kai ga fumfunar ba Kulu ta gyara zama.

"Shugaba, kunne kika ce?"

Na ce e, amma ki bari in gama.

"To ai an gama. Me ke ɓata kunne in ba ƙara ba? Ni da nake mutum, kaina kamar zai tsage tun safe har yamma. Ina ga ɗan kifi."

Duk suka juya suka kalli Rachael.

Injin niƙan Rachael matar Joel yana yamma da kududdufin, taku arba'in daga wayar shinge. Tun da tarakta ta taka ƙafar Joel, wannan injin ke riƙe da gidansu. Kulu kuwa katangarta ce ke jingine da rumfar injin, kuma ta daɗe tana neman wanda zai saurare ta.

Rachael ta ce, a hankali, "Inji ya shekara shida a wurin."

Kulu ta ce, "Kifin kuma wata huɗu. Ga shi bai jure ba."

Aka yi dariya. Na ce wannan ba kunnen ji ba ne, shi ne huhun kifi. Ummukulthum, wadda nake ganin ta fi su hankali, ta ce, "Huhu a gefen kai, Malama? Ai ko rago ka yanka a ƙirji yake."

Na zana musu a ƙasa da tsinke. Suka kalli zanen kamar yadda ake kallon rigar da ba za a saya ba. Mata ashirin da biyu, takwas a cikinsu ni na koya musu rubuta sunansu.

Sau ɗaya Rachael ta kalle ni, ta ɗan jima, ta sauke kai.

Juma'a, 26 ga Satumba, hantsi

Talatin da shida. Ba ƙara ba ce.

Asabar, 27 ga Satumba, azahar

Kulu ba ta kwana da maganar ba, mijinta ya kai wa Mai Unguwa Basiru. An kira ni zaure.

Ya ce, "Malama Ramlat, ke da bakinki kika ce kunne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan wurin ne kawai. Ai ƙafar kujera ba ta tafiya."

Ya murmusa, don ba wawa ba ne, amma mutum ne mai son kowa ya bar zaurensa da ɗan abinsa. Hukuncinsa: Rachael ta kashe inji na kwana goma sha biyu. In mutuwar ta ragu, an gane, sai ta kwashe injin ta kai shi hayin titi. In ba ta ragu ba, ta ci gaba da aikinta.

Hayin titi. Wace mace ce za ta ɗauki kwaryar dawa ta tsallaka titin Ɗanbatta, tana da injin Gidan Ɗanasabe a kusa da ita ta wannan hannun? Kai shi hayi da rufe shi duk ɗaya ne, kuma kowa a zauren ya san haka.

Na kuma san dalilin da ya sa ya yi wa bakuna sauƙi su taru a kanta. Da injin na matar liman ne, da yanzu ana cewa ƙaddara.

Na ce gwajin ba daidai ba ne, tunda mun daina ba su abinci kuma za mu sauya ruwa. Ya ce, "To ai duk neman lafiya ne." Na buɗe baki zan ƙara wata magana. Na ce masa a huta lafiya.

Arba'in da ɗaya yau.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Na je wajen Yaya Abdulkabir. Na same shi a gindin darbejiya yana tufka, igiyar a ɗaure da babban yatsan ƙafarsa, kamar yadda na san shi tun ina 'yar firamare. Na gaishe shi, na tambayi gwiwa, na tambayi gero. Sannan na ce, "Yaya, sai an fitar da ita."

Bai ɗago ba. "Saura kwana biyu ta saki ɓawo."

"Gobe da asuba."

"Ramlatu, rama ce fa. Tun kakanninmu a kududdufi ake jiƙa ta."

Na ce kakanninmu ba su zuba kifi dubu uku a ciki ba.

To, na rubuta. Dami goma sha biyu, an danne su da duwatsu a kusurwar gabas, yau kwana goma sha shida. Ramin da yake jiƙawa shekara da shekaru an cike shi an kafa shaguna. Ya zagaya ƙauyen nan bai sami ruwan da ba shi da mai shi ba. Mutumin da igiyarsa ce ta kai ni kwaleji ya zo ƙofata ya tsaya yana juya hula a hannu. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Litinin, 29 ga Satumba, hantsi

An fitar. Shi da ni, bayan sallar asuba, a amalanken shanunsa. Warin da ya taso daga ƙasan ruwan sai da na juya baya. Na wanke hannu sau huɗu.

Ba wanda ya gan mu. Rumfar inji a rufe.

Tahir, mai gona kusa da kududdufin, ya kawo injin ban ruwansa, muka janye kusan rabi zuwa gonar masara, muka cika da na rijiya. Injin Tahir ya ninka na Rachael ƙara, a bakin ruwan ma yake. Na nuna wa Kulu. Ta ce, "Wannan ai ƙarar magani ce."

Ina da amsa uku. Na haɗiye duka.

Talatin da takwas.

Laraba, 1 ga Oktoba, azahar

Ashirin da biyu.

Alhamis, 2 ga Oktoba, hantsi

Sha huɗu. Sun fara sauka ƙasa. Na kama ɗaya mai rai na duba, gefen da ya zagwanye bai ƙaru ba. Na yi daidai a komai: abincin, ruwan, binnewar. Ko Muhsina ce a wurin iyakar abin da za ta yi kenan.

Ummukulthum ta tare ni a hanya da fara'arta. "Malama, kin ga ikon Allah? Tun da aka kashe injin nan."

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Shida.

Jiya na ƙi rubutu. Abin da na gane shi ne duk kifin da na ceto, shaida ne a kan Rachael. Da na bar ramar a ciki, da mutuwar ta ci gaba, da an wanke ta. Na fitar da ita a ɓoye, na gyara ruwan, sai ga shi na haɗa wa Kulu hujjar da ita kanta ba za ta iya haɗawa ba. A aji, ɗalibar da ta canza abu huɗu a gwaji ɗaya ta ce na farkon ne ya yi aiki, sifili nake ba ta. Yanzu ƙauye guda ya yi haka, kuma ni kaɗai na san akwai na biyar.

Unguwar ta yi shiru. Ƙarar turmi ta dawo gida-gida. Masu kuka da ƙarar inji yanzu suna kuka da kafaɗa.

Lahadi, 5 ga Oktoba, azahar

Ba ƙara ba ce. Ba ƙara ba ce. Na faɗa a taro, na faɗa a zaure, na faɗa a bakin rijiya. Ba wanda zai ce ban faɗa ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, gab da magariba

Rachael ta zo. Ta yi sallama, ta ƙi kujera, ta zauna a bakin tabarma. Ta kawo min yakuwa daga bayan gidanta. Na tambayi ƙafar Joel. Ta ce da sauƙi, sai dai ya fara maganar su sayar da injin tun bai yi tsatsa ba.

Na ce kada su yi gaggawa, ina kan magana da mutane. Na fara yi mata bayanin fumfuna.

Ta ce, "Malama, na gane tun ranar taro. Kin zana da kyau."

Ta ci gaba.

"Ni fa tun kafin rana ta fito nake zuwa share rumfa. Shekara shida. Ina ganin mai shiga, ina ganin mai fita. Ranar da amalanken Baba Abdulkabir ya zo da dammai ina tsaye. Na ga wadda ta buɗe ƙofar."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, cewa za a yi matar Joel ta ɗora wa dattijo sharri don ta tsira da injinta. In ke kika faɗa, magana ce."

Na ce mata ai an riga an fitar da ita.

Ta ce, "Na sani. Ranar ma ina ciki. Kashe inji aka ce in yi, ba a ce kada in share ba."

Ta tashi, ta karkaɗe zaninta, ta ce a sa wa yakuwar gyaɗa da yawa, tana da tsami.

Na fi awa ɗaya ina jin haushinta. Na bincika haushin gaba da baya, ban sami inda zan rataye shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi

Biyu. Saura kwana biyu a koma zaure.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Na koma wajen Yaya. Ramar ta bushe a kan katanga, rabinta ɓawon ya ƙi fita saboda ba ta gama jiƙa ba. Na faɗa masa abin da zan yi gobe.

Ya daɗe yana murza zare a cinya. Ya ce, "Ki ce ni na shiga ban tambaye ki ba. Tsoho ne ni, za a yi surutu kwana biyu a bari."

Na ce, "Ƙofar tana da kwaɗo, Yaya. Makulli ɗaya ne."

"Ki ce na tsallaka."

"Da wannan gwiwar?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Za su karɓe shugabancin."

Na ce su karɓa, su ga ko ɗaukar mushe daɗi ne.

"Kin kuma san abin da za a ce a masallaci. Abdulkabir ya kashe wa mata kifi."

Na ce na sani. Ya ce ƙarfe nawa ne zaman. Na ce ba sai ya zo ba. Ya ce, "Na tambaye ki ƙarfe nawa."

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Zaure ya cika, mata daga ciki ta gefen soro, maza a waje. Joel ya zo da sandarsa. Yaya ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a inda kowa zai gan shi.

Mai Unguwa ya ce in karanto lissafin mutuwar. Na karanto, daga arba'in da ɗaya zuwa ɗaya. Kulu tana gyaɗa kai a kan kowace lamba kamar ita ta haife su. Ya ce, "To, ina ganin magana ta fito."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta fito ba. Akwai abin da ban karanta ba."

Na faɗa duka, a tsaye, yadda nake ba da darasi. Dami nawa, ranar da aka sa, ranar da aka cire, wanda ya buɗe ƙofa. Na ce Muhsina ta tambaye ni ko an jiƙa wani abu na yi mata ƙaryar layi. Na ce duwatsun da aka danne ramar suna nan a kusurwar gabas, mai shakka ya naɗe wando ya shiga.

Mai Unguwa ya ce, "Malama, ba ke kika rubuta dokar ƙungiyar ba?"

"Ni ce. Doka ta huɗu: ba wanki, ba wanka, ba jiƙo. Har layi na ja a ƙarƙashi."

Yaya ya ce, "Ni na roƙe ta, ranka ya daɗe." Mai Unguwa ya ce, "Mun ji, Baba," bai kalle shi ba, kuma na gode masa da hakan.

Kulu ta ce, "To amma dai da aka kashe inji suka daina mutuwa. Wannan kowa ya gani."

Na ce, "A tayar da shi gobe. Mako guda. Ba ni zan ƙirga ba, ki ƙirga da kanki. Sai dai ki tanadi alwala biyu."

Bai kamata in faɗi na ƙarshen ba. Ban yi nadama ba.

An amince. Na kwance makullin daga bakin zanina na ajiye a gaban Mai Unguwa kafin wani ya nema. Aka ba Ummukulthum. Wata daga baya ta ce, "Masu ilimi kenan." Na gane muryar. Ni na koya mata baƙaƙe.

Juma'a, 10 ga Oktoba, hantsi

Inji ya tashi ƙarfe bakwai. Ban je kududdufi ba. Ban san abin da mutum ke yi da hantsi ba in ba shi da inda za shi.

Yaya bai je masallacin unguwa ba yau, ya hau mota zuwa Ɗanbatta.

Litinin, 13 ga Oktoba, azahar

Na kira Muhsina na gaya mata. Ta ce, "Malama, ai na ji layin yana fita sarai." Ta ce bayan an kwashe kifin a yashe kududdufin, a bar shi ya bushe har ya tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa. Na rubuta a takarda na aika wa sabuwar shugaba. Ba ta aiko da godiya ba, amma an ce ta adana.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana bakwai, kifi uku. Kulu ce ta ƙirga, ita ta kai wa Mai Unguwa da bakinta. Ta ƙara da cewa wataƙila sun saba da ƙarar ne. Ya ce inji ya zauna inda yake.

Juma'a, 17 ga Oktoba, hantsi

Na ɗauki kwanon masara na tafi da kaina. Layi har bakin hanya, mata tara a gabana, rabinsu 'yan ƙungiya. Wasu sun amsa gaisuwata, wasu sun sami abin dubawa a cikin kwanukansu.

Da na iso gaba, Rachael tana tura hatsi da sanda, gari ya yi mata fari har gira. Na shirya maganar tun a gida, gajeriya, wadda za ta tsaya tsakanina da ita. Na matsa na ce, "Rachael, ki yafe min."

Ta nuna injin, ta nuna kunnenta. "Me kika ce, Malama?"

Na san ta ji. Na ɗaga murya na sake faɗa.

"Ƙara ta yi yawa."

Na waiwaya. Duk sun daina duba kwanukansu. Na cika ƙirji kamar a filin taron makaranta, na ce na ga ana zaluntarta kwana goma sha huɗu ina riƙe da gaskiyar a bakin zanina, ta yafe min. Daidai tsakiyar maganar ta kai hannu ta kashe injin, ragowar ta fita ita kaɗai, har hayin titi.

Sannan ta karɓi kwanon daga hannuna, ta girgiza shi, ta tsince wani ɗan dutse ta yar.

"Na ji," in ji ta. "Laushi ko ɓarza?"